Wiskin Sikotlan: Yankuna Biyar da Haraji Ya Fara Shatawa

A arewacin birnin Glasgow akwai wata matatar wiski mai suna Glengoyne wadda titin mota ya raba gida biyu. Tukwanen da ake tace barasar suna wannan tsallaken, a yankin Highlands, wato ƙasar tuddai. Rumbunan da ake jibge gangunan kuwa suna wancan tsallaken, a yankin Lowlands, shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kudu. Ruwa ɗaya ne, hatsi ɗaya, ma'aikatan ma su ne dai. Highland ake rubutawa a jikin kwalbar, domin wurin da aka tace shi ne doka take dubawa. Daga nan mai karatu zai fara gane cewa rabe-raben yankunan da ake yi wa wiskin Sikotlan ba abu ne da ƙasa ko yanayi kaɗai suka shata ba.

Mafi yawan masu karanta wannan rubutu ba mashaya ba ne, hukuncin barasa a Musulunci kuma sananne ne, ba shi muka zo tattaunawa ba. Abin da ya sa batun ya cancanci fashin baƙi shi ne yadda ƙasa mai mutum kusan miliyan biyar da rabi ta mai da sha'ir da ruwa da sunayen ƙauyukanta hajar da ta shigo mata da fam biliyan 5.4 a shekarar 2024 kaɗai, daga kwalabe kusan biliyan 1.4 da aka fitar waje. Duk wanda ya taɓa wucewa ta shagunan filin jirgin sama na Dubai ko Landan ya ga kwalaben jere da sunaye masu wuyar furtawa, wata fam talatin, wata fam dubu uku. Me ya bambanta su?

Amsar da dillalai suka saba bayarwa ita ce yanki. Za su ce maka na Speyside zaƙi gare shi da ƙamshin 'ya'yan itace, na Islay hayaƙi, na Lowlands sauƙi da laushi, na Highlands nauyi, na Campbeltown ɗan gishiri-gishiri. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta kai rabin labarin ba.

Mu fara da doka, domin ita ce kashin bayan sana'ar. Ƙa'idojin da Birtaniya ta kafa a 2009 sun ce kafin a kira abu wiskin Sikotlan dole ne a tace shi a cikin Sikotlan daga ruwa da tsiron sha'ir, ko da an haɗa da wani hatsin, sannan ya kwana aƙalla shekara uku a gangar katakon bishiyar ok wadda ba ta wuce lita 700 ba, ita ma a cikin ƙasar. Ƙarfin barasarsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. Ba a yarda a zuba masa komai ba sai ruwa da ɗan ƙonannen sukari na gyara launi. Idan aka rubuta shekara 12 a kwalba, to mafi ƙuruciyar ɗigon da ke ciki shi ne mai shekara 12, ko da sauran sun kai talatin. Dokar ta kuma ambaci wurare biyar da aka kare sunayensu: Highland, Lowland, Speyside, Campbeltown da Islay. Abin lura a nan shi ne, ko kalma ɗaya dokar ba ta faɗa ba game da irin ɗanɗanon da ya kamata kowane yanki ya fitar. Ba ta ma ce sai an yi amfani da sha'ir ɗin da aka noma a Sikotlan ba. Iyaka kawai ta shata.

Ita kuwa babbar iyakar, wadda ta raba tuddai da shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, jami'an haraji ne suka fara zana ta. Rubutu mafi daɗewa da ya ambaci wannan sana'a yana cikin kundin baitulmalin sarkin Sikotlan na 1494, inda aka ba wani limamin Kirista mai suna John Cor tsiron sha'ir don ya tace. Majalisar Sikotlan ta fara ɗora haraji a 1644. Bayan haɗewa da Ingila a 1707 harajin ya ƙara nauyi, har wanda aka sa wa tsiron sha'ir ya jawo tarzoma a Glasgow a 1725. A 1784 gwamnati ta ja layi a taswira, ta ce masu tacewa a arewa da layin, da yake talakawa ne masu ƙananan tukwane, za su biya haraji mai sauƙi, sai dai ba da daɗewa ba aka hana su tsallako da hajarsu kudu. Na kudu kuma daga baya aka riƙa cajinsu gwargwadon girman tukunya.

Abin da ya biyo baya kowane ɗan kasuwa zai iya hasashensa. Tunda girman tukunya ake biya wa haraji ba yawan abin da ta fitar ba, sai manyan masu matatun kudu suka ƙera tukwane masu faɗi marasa zurfi, suna zabga musu wuta suna juyewa cikin 'yan mintoci. Barasar ta yi yawa, ta yi arha, ta kuma yi muni. A can cikin tuddai manoma suna tace nasu a hankali a ƙananan tukwane, a ɓoye cikin kwazazzabai, 'yan fasa-ƙwauri suna lodawa a kan dawakai suna shigar da shi birane da dare. Sunan da wiskin tuddai ya yi na inganci daga nan ya samo asali. An ƙiyasta cewa a farkon shekarun 1820 jami'ai suna kama haramtattun tukwane har 14,000 a shekara. Da gwamnati ta ga kamun ba ya ƙarewa, sai ta sauya dabara a 1823: ta rage harajin, ta ce duk mai so ya biya fam 10 ya karɓi lasisi. Wani manomi a kwarin Glenlivet mai suna George Smith ya karɓa a 1824, maƙwabtansa masu fasa-ƙwauri suka ɗauke shi maci amana, har sai da ya riƙa yawo da bindigogi biyu.

Kwarin nan na Glenlivet yana cikin abin da yau ake kira Speyside, wato ƙasar da ke kewaye da kogin Spey a arewa maso gabas. Ƙaramin wuri ne, amma matatu kusan 50 ne a cunkushe a cikinsa, daga cikin sama da 150 da ke faɗin ƙasar. Dalilan a fili suke. Akwai ruwa mai yawa, akwai gonakin sha'ir a kusa, ga mutanen da suka gaji sana'ar tun zamanin ɓoyo, sannan jirgin ƙasa ya iso a shekarun 1860 ya kawo kwal ya kuma kwashi ganguna zuwa kasuwannin kudu. Sunan Glenlivet ya yi tashe har matatu da dama da ba sa cikin kwarin suka riƙa liƙa shi a bayan nasu, mutane na zolaya cewa shi ne kwari mafi tsawo a Sikotlan. Sai a 1884 aka daidaita a gaban shari'a cewa gidan Smith kaɗai ke da ikon amfani da sunan shi kaɗai. Rigima a kan suna, ke nan, ta girmi dokar 2009 da fiye da shekara ɗari.

An ce wiskin Speyside zaƙi da ƙamshin tuffa da zuma gare shi, kuma Glenfiddich da Glenlivet, manyan da suka fi kowa ciniki a cikin wiskin matata ɗaya, haka suke. To amma a garin Dufftown ɗin da Glenfiddich take, akwai Mortlach, wadda masana ke kwatanta nata da romon nama saboda nauyinsa. Akwai Benromach a garin Forres da ke sa hayaƙi. Macallan da Glenfarclas kuwa, duk da suna tsakiyar Speyside, Highland suke rubutawa a kwalabensu, doka kuma ta yarda, domin Speyside ɗin a cikin Highlands take.

Inda maganar yanki ta fi kama da gaskiya shi ne Islay, wanda ake furtawa Aila. Tsibiri ne a yamma mai mutum kusan 3,000, da matatu wajen goma. Nan ne gidan hayaƙi, kuma ya kamata a tsaya a fahimci daga ina hayaƙin yake shiga.

Kafin sha'ir ya ba da sukari sai an jiƙa shi ya fara tsiro, kwana biyar zuwa shida, sannan a busar da shi da zafi don a tsai da tsiron. Tambayar ita ce da me za a hura wutar busarwar. Tsibiran yamma ba su da kwal, ba su da dazuzzukan kirki. Abin da suke da shi shi ne wata baƙar ƙasa ta fadama, wadda asalinta gansakuka ne da ciyayi da suka yi dubban shekaru suna danƙarewa a cikin ruwa ba tare da sun gama ruɓewa ba. Ana yanko ta kamar tubali, a shanya, ta bushe, ta ci wuta a hankali da hayaƙi mai kauri. Da ita mutanen suke girki da jin ɗumi, da ita kuma suke busar da tsiron. Hayaƙin yana kama ɓawon hatsin ne lokacin da yake da danshi, kamar dai yadda yake kama kifi a wurin banda, kuma da zarar ya kama ba ya saki, yana bin barasar har cikin kwalba bayan shekara goma ko ashirin. Mutane da yawa suna zaton ruwan da ya ratsa ƙasar fadama ne ke kawo wannan ƙamshi. Ruwan yana yin launin shayi, gaskiya ne, amma hayaƙin daga wuta yake.

A da can kusan duk wiskin tuddai yana da hayaƙi, har da na Speyside. Da jirgin ƙasa ya kawo makamashin da ba ya hayaƙi sai na babban yankin suka watsar da ƙasar fadama, tsibirai kuma suka ci gaba da ita saboda nisa. Abin da ya fara a matsayin rashi shi ne ya zama tambarinsu. Yau ana auna hayaƙin da lissafi, a ce sinadarin finol, wanda ke ɗauke da ƙamshin hayaƙin, kaza ne cikin miliyan a jikin tsiron. Na Laphroaig yana kai wa wajen 40 zuwa 45, na Ardbeg ya ɗara 50. Waɗannan biyun da Lagavulin suna jere a gaɓar kudu ta tsibirin, tazarar da mutum zai taka da ƙafa, kuma masu sha suna kwatanta ƙamshinsu da kwalta, aidin, da warin asibiti. Ba zagi ba ne a wurinsu, yabo ne. Ita ma ƙasar fadamar ba iri ɗaya ba ce. Ta tsibirin Orkney da ke can arewa, wadda matatar Highland Park ke amfani da ita, yawancinta daga wata ƙaramar ciyawa ce mai fure, saboda iska ba ta barin bishiya ta tsaya a can, shi ya sa hayaƙinta ya fi laushi.

Duk da haka, a kan wannan tsibiri na Islay akwai Bunnahabhain wadda babban wiskinta kusan ba shi da hayaƙi. Akwai kuma Bruichladdich, da ke fitar da iri uku daga tukwane ɗaya: wanda ba hayaƙi ko kaɗan, da Port Charlotte mai hayaƙi sosai, da Octomore wanda a wani zubin ma'auninsa ya haura 300. Bambancin kawai irin tsiron da aka yi oda ne. Mafi yawan matatu a yau ba sa yin tsironsu da kansu. Daga manyan masana'antu suke saye, su faɗi adadin hayaƙin da suke so a kawo musu a tirela. Matatar da ke Lowlands za ta iya yin odar mai hayaƙi, kuma Ailsa Bay da ke Girvan haka take yi.

Haka batun iskar teku yake. Ana yawan cewa ganguna suna shaƙar gishirin teku a rumbunan da ke bakin gaɓa. Wataƙila akwai ɗan abin da hakan ke yi. Sai dai kaso mai yawa na barasar da ake tacewa a Islay, musamman ta Caol Ila wadda ta fi kowace girma a tsibirin, a tankar mota ake ɗaukarta a tsallaka da ita babban yankin, a can take tsufa nesa da teku, kuma ba wanda ya ce ta daina ɗanɗanon Islay.

Labarin Campbeltown ya fi kowanne ban tausayi, ya kuma fi fito da abin da nake nufi. Ƙaramin gari ne a ƙarshen zirin Kintyre, mai tashar jiragen ruwa da mahaƙar kwal a kusa. A tsakiyar shekarun 1880 matatu 21 ne ke aiki a cikinsa, jiragen ruwa na jigila zuwa Glasgow. Daga baya komai ya taru ya faɗa masa: masu gauraya wiskin matatu daban-daban suka koma son mai sauƙi irin na Speyside, wasu matatun garin suka lalata sunansa da gaggawa da rashin inganci, mahaƙar kwal ta rufe a farkon shekarun 1920, Amurka ta haramta barasa daga 1920 zuwa 1933, ga karayar tattalin arzikin duniya. Kafin a kai tsakiyar shekarun 1930 saura biyu, Springbank da Glen Scotia. A 2004 masu Springbank suka farfaɗo da wata tsohuwar matata mai suna Glengyle, garin ya koma da uku, ya kuma samu shiga jerin wuraren da dokar 2009 ta kare. Ita Springbank ɗin, wadda har yau take yin komai a harabarta tun daga jiƙa sha'ir har zuba wa a kwalba, iri uku take yi: Hazelburn da ake tacewa sau uku ba hayaƙi, Longrow da ake tacewa sau biyu da hayaƙi mai yawa, da mai sunan gidan da ke tsakiya. Gini ɗaya ya fitar da abin da littafin talla zai raba wa yankuna uku.

To idan ba yanki ba ne, mene ne? Bayan hayaƙi, abu na gaba shi ne siffar tukunya. Ana niƙa tsiron, a kwaɓa da ruwan zafi a tatso ruwan zaƙinsa, a zuba yis a bar shi ya tsimu, wasu kwana biyu, wasu fiye da huɗu, kuma tsawon tsimin yana ƙara ƙamshin 'ya'yan itace. Abin da ya fito giya ce mai ƙarfin kashi 8 ko kusa da haka. Sai a dafa ta a tukunyar jan ƙarfe mai dogon wuya, tururin barasa ya riga na ruwa tashi, a sanyaya shi ya koma ruwa. Galibi sau biyu ake yi, har ƙarfin ya kai wajen kashi 70. Jan ƙarfe yana kama sinadaran da ke da warin ƙibiritu, saboda haka gwargwadon yadda tururi ya daɗe yana gogar jikin tukunya, gwargwadon sauƙin abin da zai fito. Tukwanen Glenmorangie da ke garin Tain wuyansu ya kai mita biyar, su ne mafi tsawo a ƙasar, sai tururi mafi sauƙi ne ke iya kai wa ƙoli. Na Macallan gajeru ne masu ƙiba, abin da suke fitarwa kuma mai maiƙo ne da kauri. Wasu matatun, irin su Mortlach da Talisker ta tsibirin Skye, har yau da tsohuwar dabara suke sanyaya tururi, wato murɗaɗɗen bututu a cikin tankin ruwan sanyi, wanda ke bar wa barasar nauyinta. Sannan mai kula da tukunya ba duk abin da ya zubo yake ɗauka ba. Na farko da na ƙarshe ana mai da su a sake dafawa, na tsakiya ake ajiyewa, kuma inda kowace matata ke yanke wannan tsakiyar sirrinta ne.

Abu na uku, wanda da yawa daga masu sana'ar ke cewa ya fi sauran tasiri, shi ne ganga. Barasar da ta fito daga tukunya fara ce tas kamar ruwa. Launi da zaƙi da yawancin ƙamshi daga katako suke zuwa, kuma abin mamaki katakon ba na Sikotlan ba ne. Dokar Amurka ta wajabta cewa wiskinsu na masara, wanda ake kira burbon, sai a sabuwar ganga da aka babbake cikinta za a ajiye shi. Da an juye, gangar ba ta da sauran amfani a wurinsu, sai su sayar wa Sikotlan. Mafi yawan gangunan da ke rumbunan ƙasar irin waɗannan ne, su ke ba da ƙamshin banila da kwakwa da launin zinariya. Sauran kuma daga Jerez ta ƙasar Sifaniya suke, waɗanda aka zuba wa ruwan inabin sheri, su ke ba da launi mai duhu da ɗanɗanon busasshen inabi da kayan yaji. A da ana kawo sherin Birtaniya a cikin ganguna, sai a sami fankonsu da arha. Tun da aka koma zuba shi a kwalba a can Sifaniya a shekarun 1980, sai matatu suka koma yin odar ganguna na musamman, a jiƙa su da sheri shekara ɗaya ko biyu don kawai a aiko da su, farashinsu kuma ya ninka na Amurka sau da yawa. Abin da mutane ke kira ɗanɗanon Macallan, rabinsa aikin masassaƙan Sifaniya ne. Kowace shekara kuma kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke cikin ganga yana bin iska, wanda ke cikin dalilan tsadar tsohon wiski. Ganguna kusan miliyan 22 ne ke kwance a rumbunan ƙasar, wato kowane ɗan ƙasa ya tashi da huɗu.

Lowlands ba ta da dogon bayani ta fuskar ɗanɗano. Auchentoshan da ke gefen Glasgow tana tacewa sau uku, abin da ke ba da barasa mai sauƙi, Glenkinchie tana kusa da Edinburgh, sababbi kuma suna ta buɗewa a yankin Fife. Muhimmancin yankin a wani wuri yake. A 1830 wani tsohon jami'in haraji ɗan ƙasar Ailan, Aeneas Coffey, ya yi rajistar wata na'ura mai dogayen hasumiyoyi da ke tacewa ba tsayawa, daga alkama ko masara, da arha ƙwarai. Abin da take fitarwa ba shi da ɗanɗano mai ƙarfi. Sai masu shagunan kayan masarufi da dillalan barasa, irin gidan John Walker na garin Kilmarnock da Andrew Usher na Edinburgh, suka gano cewa idan aka gauraya wannan mai arhar da na tukunya daga matatu daban-daban, za a sami abin da ba ya sauya ɗanɗano daga kwalba zuwa kwalba, wanda kuma Baturen Ingila zai iya sha. Dokar 1860 ta sauƙaƙa wannan haɗin. Sa'a kuma ta zo musu daga Faransa, inda wani ƙwaro ya cinye gonakin inabi daga shekarun 1860 zuwa 1880, barasar burandi ta yi wuya, masu kuɗin Landan suka koma wiski.

Har gobe wannan gaurayen shi ne kasuwar. Kusan kwalba tara cikin goma na wiskin Sikotlan da ake sayarwa a duniya irinsa ne, su Johnnie Walker da Chivas Regal da Ballantine's, waɗanda kowannensu haɗin matatu ne masu yawa daga yankuna daban-daban. Matatar Cameronbridge da ke Fife, wadda masu yawon buɗe ido ba sa zuwa, tana iya fitar da fiye da lita miliyan 100 a shekara, ninki biyar na Glenfiddich. Wanda ake rubuta wa Single Malt, wato na tsiron sha'ir zalla daga tukwanen matata ɗaya, ba a fara tallata shi da gaske a waje ba sai a 1963 lokacin da Glenfiddich ta gwada. Kafin nan yawancin matatun kayan haɗi kawai suke sayar wa masu gaurayawa, ba wanda ya san sunansu a wajen garuruwansu.

Shi ma rabon yankunan a matsayin jagoran ɗanɗano bai tsufa sosai ba. Masu gaurayawa sun daɗe suna amfani da shi a tsakaninsu wajen sayen kaya. Amma ya isa kunnen jama'a ne a 1988, lokacin da kamfanin United Distillers, wanda daga baya ya zama ɓangaren Diageo, ya zaɓi matatunsa shida ya jera su a kan katako ɗaya a mashaya, kowace tana wakiltar wani yanki. Lokacin sana'ar tana cikin mawuyacin hali, an tace fiye da abin da kasuwa ke buƙata, an rufe matatu da dama a 1983, ciki har da Port Ellen da Brora. Ana neman hanyar da za a sa baƙo ya fahimci kayan cikin sauƙi, taswira kuma ta yi wannan aikin. A ganina dabara ce mai kyau ta koyarwa wadda aka maimaita har ta zama kamar dokar halitta. Ko a yau za ka ga littattafai suna lissafa tsibirai a matsayin yanki na shida, alhali a doka Skye da Orkney da Jura da Arran da Mull duk Highland ne. Ita kanta Highlands ɗin ta yi faɗin da ba za a ce ga ɗanɗanonta ba, tunda ta haɗa Dalwhinnie mai zuma a tsakiyar duwatsu, da Clynelish mai santsin kakin zuma, da Talisker mai yaji da hayaƙi.

Wannan bai sa sunayen sun zama banza ba. Su ne jarin. Ƙungiyar masu sana'ar, Scotch Whisky Association, tana da lauyoyin da aikinsu shi ne bin duk wanda ya raɓi sunan a ko'ina a duniya. Sun kai wata ƙaramar matatar Jamus kotu saboda ta sa kalmar Glen a sunan wiskinta, suka yi nasara a Hamburg a 2019. Sun yi irin wannan ƙarar a kan wata matatar Kanada, a can kuma suka sha kaye a 2009. Su wa ke cin ribar kariyar? Galibi manyan kamfanonin ƙetare. Glenlivet da Chivas na Pernod Ricard ne na Faransa, Laphroaig da Bowmore na Suntory ne na Japan, Ardbeg da Glenmorangie na LVMH, kamfanin kayan alatu na Faransa, Dalmore da Jura kuma na wani kamfanin Filifin. Diageo, wanda ya fi kowa yawan matatu, shi ne ya riƙe mafi yawan hannun jarin Guinness Nigeria har zuwa 2024 da ya sayar wa Tolaram. 'Yan kaɗan ne, kamar Glenfarclas da Springbank da Glenfiddich, suka rage a hannun iyalai ko masu su na gida. Abin da doka ta tabbatar wa Sikotlan shi ne ba a iya ɗauke aikin a kai wata ƙasa, ko wa ya mallaki kamfanin.

Akwai kuma ɓangaren da takardun talla ba sa nunawa. A 2023 mutum 1,277 ne suka mutu a Sikotlan ta dalilin da ya shafi barasa kai tsaye. Da majalisar ƙasar ta zartar da dokar ƙayyade mafi ƙarancin farashin barasa a 2012, wannan ƙungiya ta masu wiski ce ta ja ta a kotuna shekara biyar, har Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke hukunci a 2017. Dokar ta fara aiki a watan Mayun 2018, aka kuma ƙara farashin a 2024.

Haraji dai bai daina juya sana'ar ba. Daga Oktoban 2019 zuwa Maris na 2021 Amurka ta ɗora kashi 25 cikin ɗari a kan wiskin matata ɗaya, saboda rigimar tallafin jiragen Airbus da Boeing wadda ba ruwan manomin sha'ir da ita, masu sana'ar suka ce sun yi asarar fiye da fam miliyan 600. Indiya, wadda ta fi kowace ƙasa sayen kwalabe masu yawa a 2024, ta daɗe tana karɓar kashi 150 cikin ɗari a bakin iyaka, kuma yarjejeniyar cinikin da ta sa wa hannu da Birtaniya a 2025 ta tanadi rage shi zuwa 75, daga baya zuwa 40 cikin shekara goma. Wahalar wannan sana'a ita ce mai matata yana yanke shawarar yawan abin da zai tace yau ne don kasuwar da za ta zo bayan shekara goma sha biyu. Brora da aka rufe a 1983 an sake buɗe ta a 2021, Port Ellen kuma a 2024, bayan ragowar gangunansu sun zama abin da masu tara kayan tarihi ke saye da dubban fam-famai, kuma buɗewar Port Ellen ta zo daidai lokacin da cinikin ƙetare ya sauko daga fam biliyan 6.2 na 2022.